Gero a gindin gawo

Duk wanda ya bi hanyar Kwalkwalawa zuwa Dundaye da damina ya san gawo ko bai san sunansa ba. Sauran itatuwa sun yi kore shar, shi kaɗai ke tsaye ba ganye, sai ruwa ya ɗauke yake tohowa. A kansa na yi binciken kammala digirina a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma tambayata gajera ce: me ya sa gero ya fi kyau a gindinsa?

Na fara a watan Afrilu, kafin shuka, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Sai da muka gaida mai gari tukuna, don ba a faɗa wa gonar mutum da igiyar awo haka kawai. Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba. Tef ne, da firam ɗin katako mai mita 1 ta kowane gefe na keɓe wurin da za a auna, da ledoji, da fensir, saboda zufa na ɓata rubutun biro. Kaurin itace ana auna shi a tsayin mita 1.3. Ƙasa kuwa ina ɗiba daga sama zuwa zurfin santimita 15. Wurin ajiye firam ba ido ke zaɓa ba, ƙuri'a nake ja da lambobin da na rubuta a takardu, lambar da ta fito ita ce yawan takun da zan yi daga gindin itacen.

Ina durƙushe ina cika leda wani dattijo mai gonar ya tsaya kaina.

"Ɗiyata, mi kuka biɗa cikin ƙasa?"

Na ce, "Baba, takin da gawo ke zubawa muke son aunawa."

Ya nuna busasshen kashin shanu da sandarsa, ya ce in auna wannan ma.

Maganarsa ta taɓa tushen aikin. Abin da muka karanta shi ne gawo dangin wake da gyaɗa ne, saiwarsa na ɗauke da ƙwayoyin halitta masu kamo sinadarin naitirojin, wanda taki ne ga shuka, daga iska. Ganyensa na zuba a farkon damina ya ruɓe, ga shi ba inuwar da za ta danne gero. Duk gaskiya ne. Amma da rani inuwarsa ce shanu da awaki ke rububi, suna cin 'ya'yansa da suka faɗo, suna yini suna kashi a wurin. To albarkar ta itacen ce ko ta dabbobin?

Da na kai wa malamin da ke duba aikina, sai ya ce bayan gindin gawo da fili in ƙara rukuni na uku, wato gindin dogonyaro, inda dabbobi ke kwanciya su ma amma itacen ba dangin wake ba ne. Gwajin ƙasa ya nuna gindin itatuwan biyu duk ya fi fili taki. Da aka shiga Satumba kuwa sai bambanci ya fito. Geron gindin dogonyaro ya tsumbure saboda duhun inuwa, na gindin gawo zangarniya sai ka ce taɓarya.

Ranar kare aiki a gaban malamai minti 10 aka ba kowane ɗalibi. A ganina ɗalibai na kashe kansu da jadawalin lambobi da ba mai iya karantawa daga bayan zaure. Ni hotuna biyu na itace guda na fara sakawa, na Afrilu da na Agusta, kuma su suka ɗauke mini rabin bayani.

Malamin da ya zo daga wata jami'a ya bari na gama, sannan ya ce, "In kuma gawon ne ya tsiro a inda ƙasa ke da kyau tun asali fa?" Na ce aikin damina ɗaya ba zai raba wannan gardama ba, sai an auna ƙasa, an dasa gawo, an bi shi shekaru. Ya rubuta wani abu a takardarsa, ya ce in saka wannan amsar a babi na biyar kafin in kai aikin a ɗaure shi ya zama littafi.