Mako Na Shida: Dokokin Tebur Da Zaɓin Da Ya Share Mini Tarihin Aro

'Yan'uwa masu koyo, a wannan makon na bar zanen tebura na koma kan dokokinsu, wato abin da kowane tebur zai karɓa, da abin da zai ƙi, da abin da zai aikata da kansa idan an taɓa shi. Aikin dai shi ne wanda na soma tun farko: ƙaramin rumbun bayanai na littattafan da nake ba abokai aro, mai tebura uku, wato jadawalai masu layuka da ginshiƙai: na littattafai, na masu aro, da na aron kansa. Ina amfani da MySQL Workbench, manhajar aiki da rumbun bayanai na MySQL, inda mutum yake tsara tebur da linzamin kwamfuta maimakon ya rubuta umarnin SQL, wato harshen da ake ba rumbun umarni da shi, da hannu.

Kashin farko bai ba ni wahala ba. A gaban kowane ginshiƙi akwai ƙananan akwatuna da ake sa wa alama: PK na babban mabuɗin da ke bambanta kowane layi da ɗan'uwansa, NN na hana barin gurbi fanko, UQ na hana maimaici, AI kuma na lambar da ke ƙaruwa da kanta. Na sa UQ a kan lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, na gwada shigar da littafi ɗaya sau biyu, rumbun ya ƙi, ya mayar mini da kuskure mai lamba 1062. Abin da ban zata ba shi ne, UQ bai hana layuka da yawa su bar gurbin fanko ba, domin a wajen MySQL fanko biyu ba abu ɗaya ba ne. Wannan ya yi mini daidai, tunda ina da tsofaffin littattafan da aka buga kafin tsarin ISBN ya zama ƙa'idar duniya a 1970.

Inda na daɗe shi ne shafin Foreign Keys, wurin da ake ɗaure tebur da tebur. Da farko ɗaurin ya ƙi kamawa, sai da na lura cewa lambar mai aro tana da alamar UN, mai hana lamba ta yi ƙasa da sifili, a teburinta, amma babu ita a teburin aro, alhali dole ginshiƙan biyu su zama iri ɗaya sak. Da na gyara, sai na tarar da tambayar da ta fi kowace nauyi tana zaune cikin ɗan ƙaramin jerin zaɓi a gefen dama: idan an share mai aro, me za a yi da layukan aronsa? Zaɓi huɗu ne. RESTRICT yana hana sharewar, CASCADE yana bin layukan ya share su tare da shi, SET NULL yana barin su ba mai su, NO ACTION kuma a InnoDB, injin da ke adana teburan MySQL, daidai yake da RESTRICT.

Na zaɓi CASCADE don kawai na ga kamar ya fi tsabta, kuma hankalina a kwance yake saboda tun kafin nan na ɗana tiriga a kan teburin aro. Tiriga dai tamkar tarko take: umarni ne da ke tashi da kansa idan wani abu ya faru. Tawa ta AFTER DELETE ce, wato mai tashi bayan an share layi, aikinta shi ne ta kwafe duk layin da aka share zuwa tebur na huɗu da na kira tarihi. Na gwada ta ta hanyar share layi ɗaya kai tsaye, ta yi aiki sarai. Daga nan na share wani mai aro na gwaji da ke da aro bakwai. Layukan bakwai suka ɓace, na buɗe teburin tarihi ina sa ran ganin su, na tarar babu ko ɗaya. Na shafe kusan awa guda ina neman kuskure a cikin tirigar, alhali lafiyarta ƙalau. A takardun bayanin MySQL an rubuta a fili cewa sharewar da CASCADE ya jawo ba ta tayar da tiriga. Ni ne ban karanta ba. Allah ya sa bayanan gwaji ne.

Yanzu na mayar da shi RESTRICT, kuma duk yunƙurin share mai aron da ke da layi yana gamuwa da kuskure mai lamba 1451. Wanda ya daina aro ba na share shi, sai dai in canza masa alama a wani sabon ginshiƙi da na kira yana_aiki. Na yi tunanin SET NULL, amma zai tilasta mini cire NN daga ginshiƙin, kuma aron da ba a san wanda ya ɗauka ba bai amfane ni da komai ba.

Ɗabi'a ɗaya ta sauya mini. Idan an danna Apply, wata taga tana buɗewa ta nuna umarnin SQL ɗin da alamomin suka haifar kafin a zartar da shi. A da ina wuce ta ba tare da na duba ba, yanzu kuwa ina karanta ta layi-layi, kuma daga nan na fara iya rubuta ALTER TABLE, umarnin sauya tsarin tebur, da kaina. Da wannan ɗan ilimin na rubuta dokar CHECK da ke hana ranar dawo da littafi ta gabaci ranar aronsa. Ku duba sigar da kuke aiki da ita kafin ku dogara da irin wannan doka, domin sai daga siga ta 8.0.16, wadda ta fito a 2019, MySQL ya fara aiwatar da CHECK. Sigogin baya suna karɓar rubutun ne su yi shiru.

Abin da ya rage mini shi ne hana bayar da aron littafin da ba a dawo da shi ba tukuna. CHECK ba zai iya ba, domin layi ɗaya kaɗai yake dubawa, don haka a mako mai zuwa, in Allah ya so, zan gwada tirigar BEFORE INSERT, wato mai tashi kafin a shigar da sabon layi.