Ɗan Riƙon da Ya Ci Gado

Ina da shekara bakwai aka ba gwaggona riƙona, na tashi a gidan mijinta tare da 'ya'yansu huɗu, muna cin tuwo a kwano ɗaya, muna kwana a ɗaki ɗaya. Ba a taɓa nuna mini bambanci wajen abinci ko ɗinkin Kirsimeti ba, amma na san matsayina. Idan aka aike ni awo, nakan ƙirga canji sau uku kafin in miƙa, idan kuma tulu ya fashe, ni ne nake fara rantsuwa tun ba a tambaye ni ba. Ladabina ya yi suna a unguwa, sai dai tsoro ne ya haife shi, tsoron kada wata rana a ɗaure mini kayana a mayar da ni ƙauye. Da Baba, mijin gwaggona, ya rasu aka zo rabon gado, ina zaune a bakin zaure ina karɓar masu gaisuwa. Ba wanda ya zalunce ni, domin haka riƙo yake a wurinmu: mariƙi yakan ciyar, ya tufatar, har ya aurar, amma sunan yaro da gadonsa suna can gidan ubansa.

Saboda haka na daɗe ina karanta Romawa 8:15, ayar da ta ce mun karɓi Ruhun ɗiyanci, wato na zama 'ya'yan Allah, wanda ta wurinsa muke kira “Abba, Uba”, da idon ɗan riƙo, ina ɗauka cewa Allah ya saukar da mu ne a gidansa, kuma zamanmu ya dogara ga kyawun halinmu. Ashe Manzo Bulus wata al'ada dabam yake nufi. Kalmar Helenanci da ya yi amfani da ita, wadda ta fito sau biyar a wasiƙunsa, tana nufin ɗora mutum a matsayin ɗa, kuma a dokar Romawa wanda aka yi wa haka yakan fita daga ikon gidansa na dā, ya ɗauki sunan sabon uba, ya ci gado daidai da ɗan cikinsa. Mutanen Roma sun ga wannan da idonsu. A shekara ta 50 Sarki Kalaudiyas ya mai da Niro ɗansa, a shekara ta 54 kuwa Niro ya hau karagar mulki, alhali Biritanikus, ɗan cikin Kalaudiyas, yana raye. Wasiƙar Bulus ta iso musu wajen shekara ta 57, shi ya sa da ya ce idan mu 'ya'ya ne, to, magada ne tare da Almasihu, ba su bukaci dogon bayani ba.

Labarin Niro kansa gargaɗi ne, domin mutumin da ya sami suna da gado shi ne ya sa aka kashe mahaifiyarsa a shekara ta 59. Suna kaɗai ba ya gyara hali. Wannan ne ya sa wasiƙar Afisawa, wadda ta buɗe da zancen ɗiyancinmu a sura ta 1, ta gangaro zuwa abubuwan yau da kullum a sura ta 4: a daina ƙarya, kada rana ta faɗi mutum yana riƙe da fushi, ɓarawo ya bar sata ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukaci. Dalilin da aka bayar a farkon sura ta 5 shi ne mu yi koyi da Allah kamar ƙaunatattun 'ya'ya. A ganina, nan ne wa'azinmu yakan kauce, domin sau da yawa muna tsoratar da 'yan'uwa da kora, sai mu tara masu ladabi irin nawa na dā, waɗanda ba sa sata a gaban jama'a amma ba su taɓa sakin jiki su ce “Abba, Uba” ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Adalcin mai bi kamannin gida ne da ke fitowa a jikinsa.

Ibraniyawa 12 ta ƙara da cewa horo ma shaidar ɗiyanci ne, kuma wannan na gane shi tun kafin in karanta. Shekaru da dama Baba yana tsawata wa 'ya'yansa, ni kuwa sai ya kawar da kai, kamar yadda ake yi wa baƙo. Wata rana na ɓoye ragowar kuɗin awo na ce sun faɗi a hanya. Ya kira ni zaure bayan addu'ar yamma, ya dube ni ya ce, “Ɗana, ba a yin haka a gidan nan.” Na fito da kuɗin daga aljihu hannuna yana rawa, ya sa na kai wa Gwaggo da kaina, na roƙe ta gafara a gaban sauran yara. A daren nan na yi kuka sosai, amma ban ɗaure kayana ba.