Laraba a gareji, da hirar Mustang

Yau aiki ɗaya muka yi, sauke injin wata tsohuwar mota da ɗora mata wani. Muna ɗaure kusoshi sai yaron da ke koyon aiki wurina ya ce, "Oga, canjin inji kaɗai zai farfaɗo da wannan?" Na ce miƙo min sifana, bari ka ji labarin P-51 Mustang, wani jirgin saman yaƙi na Yaƙin Duniya na Biyu.

Kamfanin North American Aviation na Amurka ne ya ƙera jirgin a 1940 domin Birtaniya. Injin Allison da aka fara sa masa yana ja sosai a ƙasa-ƙasa, amma da ya haura ƙafa 15,000 sai ya fara shaƙewa, iska ba ta isarsa. A 1942 Turawan Ingila suka gwada masa injin Merlin na Rolls-Royce, mai na'urar cusa iska hawa biyu. Nan take jirgin ya zama wani abu daban, yana gudun kusan kilomita 700 a awa can sama.

Kuma lokacin ana tsananin bukatarsa. Ranar 14 ga Oktoba 1943 manyan jiragen Amurka masu jefa bam, B-17, guda 291 suka tafi ruwan bama-bamai garin Schweinfurt a Jamus, 60 ba su dawo ba, kowanne da mutum goma a ciki. Ƙananan jiragen yaƙi masu yi musu rakiya sun juya tun kan iyakar Jamus saboda mai. Mustang kuwa an sa masa tanki a bayan kujerar matuƙi, ga wasu biyu rataye a fukafukai da ake yarwa in sun ƙare, waɗansu ma da takarda da gam aka yi su. Zuwa Maris 1944 yana raka su har Berlin ya dawo.

Ni lagireton ne ya fi tsaya min a rai. A ƙarƙashin ciki yake, harsashi ɗaya ya huda shi ruwa ya tsiyaye, inji ya ƙone, mutum yana tsakiyar ƙasar abokan gaba. Mun san yadda inji ke yi in ruwa ya ƙare, wallahi na tausaya wa matuƙan nan.

Bayan isha'i na ci gaba da karatu a waya, na kai kan matuƙa baƙar fata 'yan Amurka da aka horar a garin Tuskegee, masu shafa wa wutsiyar Mustang ɗinsu jan fenti. Daga Ramitelli a Italiya suka tashi ranar 24 ga Maris 1945, suka kai rakiya Berlin, suka kakkaɓo jiragen yaƙin Jamus samfurin Me 262 guda uku.