Sarƙar da Ta Kusa Aurar da Ni a Haidarabad

Ina shekara ta biyu a karatun harhaɗa magunguna a Haidarabad ta kudancin Indiya, ƙawata 'yar ƙabilar Telugu da muke ɗaki ɗaya ta gayyace ni bikin yayarta, ta ce sari zan ɗaura. Ko gardama ban yi ba. Wadda ta tashi a Kano tana kallon finafinan Indiya tun ba ta iya ɗaurin ɗankwali ba, gani take ta gama haddace kwalliyar mutanen nan.

Mahaifiyar ƙawar tawa, wadda nake kira Anti, ita ce ta ara mini sarin, na silikin garin Kanchipuram, kore shar mai jan baki, an saƙa bakin da zaren gwal da suke kira zari. Ya kusa mita 6, ga nauyi kamar an jiƙa shi. Kayan ado kuwa na ce a bar mini, da kaina zan nemo.

Na nufi Laad Bazaar, layin 'yan awarwaro da ke gindin Charminar, ginin nan mai hasumiya huɗu da aka yi a 1591. Cinkoson wurin sai ka ce Kwari ana jajiberin sallah. Mai shago ya dubi hannuna kawai ya ce awarwaro lamba 2.6 ne daidai ni, kuma bai kuskure ba. Na kwaso awarwaron gilashi da na lak, wani irin ƙaro da ake jera wa duwatsu masu ƙyalli. Na haɗa da manyan 'yan kunne masu ruwan tsohuwar azurfa, da sarƙar kundan mai kama wuya, irin adon da ake dasa duwatsu a cikin gwal, da zobban yatsun ƙafa. Har zan fita idona ya faɗa kan wata siririyar sarƙa ta ƙananan baƙaƙen duwatsu. Ita ta fi kwanta mini a rai.

Ana gobe biki na zuba su duka na fito falo ina taku ɗai-ɗai. Anti ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta rufe baki da gefen sarinta.

"'Yata, yaushe aka ɗaura, ba ki gayyace mu ba?"

Ashe baƙar sarƙar nan nallapusalu ce, alamar matar aure, kuma har Musulmin garin suna da irin tasu da ake sa wa amarya. Zobban ƙafa, mettelu, ango ne ke saka wa amarya su a wajen biki. A wajenmu sarƙa sarƙa ce, budurwa ta ari ta uwarta ta je suna, ba mai tambaya. Can kuwa da na fita haka, kowace gwaggo sai ta nemi jin inda na baro mijina.

Da dariya ta lafa, Anti ta zaunar da ni. Ta kara ɗan kunnen azurfar a kan bakin sarin, ta ce in duba da kaina. Gaskiyarta, faɗa suke yi. Zarin da ke bakin sari shi ke zaɓen ƙarfe: in na gwal ne sai gwal ko mai ruwansa. Azurfar ta ce in ajiye wa sarin auduga, ko sarin garin Pochampally marar zari, irin na zuwa aji. Kundan ɗin ma ta ture gefe. Adon arewacin ƙasar ne, na su Jaipur, ya fi dacewa da lehenga, wato dogon siket da 'yar riga mai buɗaɗɗen wuya. A nan na gane cewa abin da na sani daga fim kusan duk kwalliyar arewa ce, kudu tafiyarta daban.

Ta buɗe akwatinta ta ɗauko kasulaperu, doguwar sarƙa ta jerin sulallan gwal. Na juya ɗaya, na ga siffar Lakshmi a jiki, abar bautarsu ta dukiya. Na ce, "Anti, ki yi haƙuri, wannan ba zan iya sawa ba." Ba ta ko canza fuska ba, ta musanya mini da mai siffar 'ya'yan mangwaro. Duk gwal mai karat 22 ne, da lambar 916 a jiki, shi ya sa launinsa ya fi ja-ja kuma ya hau zarin daidai. Saboda girmama Lakshmin nan ne ma yawancinsu ba sa sa gwal a ƙafa, sarƙar ƙafa ta azurfa ce ko a gidan masu hali.

Awarwaro kuwa da jan bakin sarin ta haɗa su, ba da koren jikin ba, ta tare kowane jeri da na gwal gaba da baya. Uku na fasa wajen sawa kafin ta shafa mini sabulu a hannu.

Inda na yi taurin kai shi ne 'yan kunne. Ta ba ni buttalu, masu kama da kifaffen ƙoƙo da 'yan tsakiya na reto a ƙasa. Ta ce tunda rufe kai nake yi in sa ƙanana, na ƙi. Wuni na yi ina kwance su daga mayafi, ba kuma wanda ya gan su, kunnena ya kwana yana zugi. Mai lulluɓi ta zuba ƙarfinta a doguwar sarƙa da hannu, nan ido ke sauka, musamman in an sha lalle.

Baƙar sarƙar tana nan a akwatina a Kano. Na sa ta kan atamfa a sunan ɗan yayata, wata ƙanwar babanmu ta kama ta tana juyawa, ta ce in an sake zuwa Indiya a sayo mata biyu.