Godiya ga waɗanda suka ceto min aikin sallah

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sallah, Allah ya maimaita mana. Na ɗau alkawari in dai na ga bayan sallar nan ba tare da wani kwastoma ya kai ni wajen 'yan sanda ba to sai na fito fili na yi godiya, yau ga shi na samu zama, shago a kulle yara duk sun tafi yawon sallah.

Waɗanda suka san ni sun san sana'ata aikin kwamfuta ne na wuyan kaftani da babbar riga. Shi injin ba wani wayo gare shi ba, abin da ka zana a kwamfuta ka mayar fayil ɗin DST, irin wanda injin ke iya karantawa, ka sa a filash ka ba shi, shi zai bi da allura. Kwamfutar da nake zanen a kanta kuwa tsohuwa ce ta tebur, tare da injin na saye ta a hannun wani dattijo da ya bar sana'ar, Windows XP ce a kai, kuma manhajar zanen ba ta buɗewa sai an soka wani ɗan makulli mai kama da filash a bayanta. Shekara 11 ina tara zane a cikinta, aska biyu, aska takwas, ƙananan wuya na yara, har da waɗanda na ɓata dare na ƙirƙira da kaina. Ban taɓa kwafe ko ɗaya na ajiye a wani wuri ba, wannan kam laifina ne ba na kowa ba.

Ran 17 ga azumi na tashi daga aiki a gajiye na bar ta a jone, aka kawo wuta da ƙarfi cikin dare, da safe na buɗe shago warin ƙonewa ne ya tarbe ni. Na danna na danna shiru. Ga shadda jibge ta mutane an yanka tana jiran aiki, kaftani ya haura 70 ban da manyan riguna 9, wasu tun kafin azumi suka biya cas. Duk telan da ke karanta wannan ya san abin da cikina ya yi.

Godiyata ta farko ga mai gyaran da na kai wa a Farm Centre. Bawan Allahn nan yana buɗewa ya ce Alhaji kar na ɓata maka lokaci, babban allon ne ya ƙone kuma irinsa sai an sha yawo, amma faifan ajiyar lafiyarsa ƙalau, ya ciro shi ya naɗe a leda ya ce kar ka yarda kowa ya ce zai yi maka fomat. Ko kuɗin dubawa bai karɓa ba. Shi ya raka ni na sayi laftof ta hannu mai Windows 10 da ram giga 8, muka kwafe zanukan, na dawo ina murna ashe tsugune ba ta ƙare ba. Waɗanda aka riga aka mayar DST injin zai ɗinka su yadda suke, amma aikinmu kowace riga da girman wuyanta, sai ka buɗe asalin zanen ka ƙara ka rage ka sauya cikon zare, wannan kuma sai a waccan manhajar. Faifan da ake saka ta ya ɓace tun tashinmu daga tsohon shago, makullin ma da na soka sabuwar laftof ɗin ko kallonsa ba ta yi ba, wai direbansa, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, na tsohon tsarin 32 bit ne ita kuma 64 ce.

Kwana biyu ina yawo ina neman tsohuwar kwamfuta irin tawa, sai yayata ta ji labari ta turo min ɗanta da ke karatun kwamfuta a jami'a, yaron da ni na yi masa ɗinkin suna. Ya zauna ya saurare ni ya ce Kawu ai ba sai ka sayi wata ba, tsohuwar za mu ɗauko mu saka a cikin sabuwar. Na dube shi na ce ko dai azumi ne ya fara taɓa ka. Sai ya yi min bayani yadda zan gane, ya ce kamar mai gida ne ya ware ɗaki ɗaya ya ba baƙo, laftof ɗin ita ce mai masauki, XP ɗin baƙuwa, akwai wata manhaja VirtualBox da za ta yanko mata ram kaɗan da wani kaso na ƙarfin laftof ɗin, ta ba ta wani ƙaton fayil a matsayin faifan ajiya, ita XP ba za ta ma san ba a kwamfutar gaske take ba, za ta tashi a cikin taga ɗaya kamar yadda kake buɗe hoto. Na ce nawa ne, ya ce kyauta ce. A nan ne na ƙara shakka wallahi.

Abin bai zo da sauƙi ba. Da farko da ya gwada tayar da ita sai ta ce VT-x a kashe yake, sai da ya kashe laftof ɗin ya shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ya kunna, wai wani sashe ne da Intel suka sa a ƙwaƙwalwar kwamfuta da suke ƙerawa tun 2005 don irin wannan aikin amma sau da yawa a rufe yake zuwa. Daga nan ya sa tsohon faifan a wani ɗan akwati mai USB ya ce zai ɗauki hotonsa gaba ɗaya, Windows ɗin da manhajar da komai, ya zama fayil guda, kuma in wuta ta katse a tsakiya sai an sake daga farko. A nan godiya ta biyu take, ga maƙwabcina mai kemis da ya jawo mana waya daga solarsa ya ce mu yi har gari ya waye, ya kuma aiko mana da kunu da ƙosai muka sha ruwa. Allah ya biya shi.

Muna zaune muna kallon layin nan mai nuna inda kwafar ta kai yana tafiya kamar hawainiya yake ba ni labari wai abin ba sabo ba ne, IBM sun fara raba babbar kwamfuta ɗaya ta zama kamar da yawa tun shekarun 1960, shi VirtualBox ɗin wani ƙaramin kamfani ne a Jamus, Innotek, ya yi shi ya sake shi kyauta a 2007, Sun suka saye su a 2008, Oracle kuma ta haɗiye Sun a 2010. Har yake ce min yawancin shafukan da muke shiga a waya a kan irin waɗannan kwamfutocin cikin kwamfuta suke zaune. Ni dai ina gyaɗa kai ne hankalina na kan shaddar mutane.

Bayan tarawi aka gama, ya haɗa, ya danna, tambarin XP ya fito har na miƙe tsaye, sai kawai sikirin ya koma shuɗi da rubutu, lambar har na haddace ta don sau biyar muka gan ta, 0x0000007B. Na ce shi ke nan. Yaron nan ko gezau, ya ce Kawu ba mutuwa ta yi ba, ta farka ne a ɗakin da ba ta sani ba tana laluben ƙofa, tana neman irin mahaɗin faifan tsohuwar kwamfutar ba ta gani ba. Ya yi ta sauya saiti yana bincike a waya datarsa ta ƙare ya karɓi tawa, ya mayar da faifan kan tsohon mahaɗin da ake kira IDE ya gwada wannan nau'in ya gwada wancan, wajen ƙarfe biyu da rabi na dare sai ga koren tudun nan da shuɗin sama na fuskar XP, da sautin nan na tashinta da na shekara 11 ina ji kowace safiya ban taɓa sanin ina ƙaunarsa ba. Duk fayilolina suna inda na bar su, har wani zane da na fara ban gama ba. Ban san sanda na yi sujjada a kan tarkacen zare ba.

Saura makulli. Shi ma sai da ya nuna wa VirtualBox cewa duk sanda aka soka shi ta miƙa wa baƙuwa kar mai masauki ta riƙe, yana yi manhajar ta buɗe. Abin dariya, da na karɓi maus na shiga tagar sai ya maƙale ya ƙi fitowa, na ɗauka na ɓata aikin ne, ashe Ctrl na hannun dama ake dannawa ya sake ka, daga baya ya saka wani ƙari da suke kira Guest Additions maus ɗin ya riƙa shige da fice, ya kuma yi min folda ɗaya da dukkansu biyun ke gani, in na gama zane na jefa a ciki na kwasa a filash sai inji.

Ya kafa min sharaɗi biyu kuma na rantse zan bi. XP ɗin ba za ta taɓa shiga intanet ba, ya ma cire mata hanyar gaba ɗaya, don tun Afrilun 2014 Microsoft suka daina yi mata gyaran tsaro. Sannan ya ɗauki hoton yanayin da take ciki tana lafiya, in yaran shago suka yi ɓarna dannawa ɗaya za ta koma yadda take a daren, ya kuma kwafe fayil ɗin gaba ɗaya a wani faifan daban ya ce wannan a gida zai riƙa kwana ba a shago ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, to wannan baƙuwar dai ta zo zama.

Ɗana, na san za ka ce na tona ka a bainar jama'a shi ya sa ban kama suna ba. Na ba ka kuɗi ka ce in na sake maganar za ka gaya wa mamanka. Allah ya yi maka albarka ya ba ka sa'ar karatu, ya sa ka fi haka. Yaya na gode, kin iya tarbiyya.

Yaran shagona su huɗu da suka kwana tara suna karɓa-karɓa a kan inji, sahur a shago buɗa baki a shago, ba wanda ya yi min ƙorafi a gabana dai, Allah ya ba ku naku shagunan. Abokin sana'ata da ya karɓi kaftani 15 ya yi a injinsa da zarensa ya ce sai bayan sallah ma yi lissafi, ina nan tafe. Uwargida da ta sha fama da fushin da ba ita ta jawo ba, ki yi haƙuri na gode. Kwastomomi kuma da na kira na gaya musu gaskiya, mafi yawa addu'a suka yi min, mutum ɗaya ne ya zo ya kwashe yadinsa kuma ban ga laifinsa ba.

Manyan riguna 3 ne ban samu gamawa ba, masu su sun sani mun yi magana. Ran Asabar in sha Allah zan buɗe shago, ku zo bayan la'asar ku karɓa, kuma na rage muku rabin kuɗin aiki kar wanda ya yi min gardama.