Wasiƙa daga Landan zuwa ga ƙannena na Nima da Mamobi a Accra

Assalamu alaikum. Ina gaida iyaye da malamai, Allah ya bar zumunci. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne tambayar da 'yan jami'a ke ta turo mini ta WhatsApp: "Yaya, wai karatun nan naki likitanci ne? Akwai aiki a cikinsa?" Bari in amsa sau ɗaya kowa ya gani, in taɓo karatun, da albashi, da hanyar zuwa nan.

Ba likitanci ba ne. Likita mara lafiyar da ke gabansa yake dubawa. Mu masu bin diddigin yaɗuwar cuta, wato efidemiyoloji, unguwa ɗungurungum muke dubawa: su wa suka kwanta, yaushe, wane ruwa suka sha. Kun tuna 2014, shekarar da kwalara ta kama mutum sama da 28,000 a Ghana, akasari a Accra? A gidanmu an goya wani yaro zuwa asibiti da tsakar dare. Washegari wata ma'aikaciyar lafiya ta shigo da littafi da biro tana tambaya, amma ba ta jin Hausa. Kakar yaron ta ja mayafi ta yi shiru. Ni na tsuguna na yi musu tafinta, sai ga tsohuwa tana lissafa inda suke ɗebo ruwa da wajen da aka sayo abincin daren. Tun ranar aikin nan ya shiga raina.

Hanyar zuwa kuwa, takardu ne za su fara gwada haƙurin mutum. Ɗan Ghana da zai zauna Ingila fiye da wata shida sai ya kawo shaidar gwajin tarin fuka, kuma takardar wata shida kawai take aiki. Kuɗin makaranta da na zama dole su kwana 28 a jere a asusu ba tare da sun ragu ba. Nawa sun kai kwana ashirin da wani abu, banki ya cire kuɗin hidima, adadin ya sauko ƙasa da abin da ake buƙata. Haka na koma ƙirga daga ɗaya, ina duban ranar da takardar gwajin za ta mutu, Baba kuma kullum bayan Asuba yana tambaya ko an dace. Wallahi na yi kuka a makon nan. Ga kuɗin kula da lafiya da ake biya tun kafin a taka jirgi, ga canjin sidi zuwa fam da ke tashi kana barci. Don Allah duk mai niyya ya ajiye rara a asusun, kuma kada ya yi gwajin tun da wuri.

Sai sanyi. A Disamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe, Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kamar ana korarsu. Hunturunmu wasa ne. A irin wannan rana na je unguwar Soho in ga famfon da aka kafa don tunawa da Dakta John Snow. A 1854 ya bi gida-gida yana ƙirga waɗanda kwalara ta kashe, ya sa su a taswira, ya gano famfo ɗaya suke sha, aka cire hannun famfon. Na tsaya a gaban ƙarfen yatsuna sun ƙage, ina tuna matar nan mai littafi da biro.

Shi ya sa ba na son ku ɗauka sai an ƙetare teku. Makarantar kiwon lafiyar al'umma ta Jami'ar Ghana da ke Legon tana horar da masu wannan aiki. Lokacin korona, cibiyoyin binciken cututtuka na Noguchi da ke Legon da KCCR da ke Kumasi su suka fara ɗaukar nauyin gwaji. Da cutar Marburg ta ɓulla a yankin Ashanti a 2022, a Noguchi aka fara gano ta kafin cibiyar bincike ta Pasteur da ke Dakar ta tabbatar. Wanda ke aji biyu ko uku ya riƙe darasin ƙididdiga da hannu biyu, ya koyi manhajojin lissafi na kwamfuta irin su Excel da R, ya nemi yin bautar ƙasa a ofishin lafiya na gunduma. Kuma ya rubuta Hausa a takardar neman aikinsa, kada ya ji kunya; a Zango ita ke buɗe bakin tsofaffi.

Maganar albashi, ba a tara dukiya da shi kamar kasuwa, amma ana rufin asiri. Sauran bayani sai wata wasiƙar, da batun tallafin karatu.

Wanda zai taho a Satumba ya riƙo mini yaji da kuka, nawa sun ƙare tun azumi.

Yayarku.