Yadda sonet ta 73 ta kayar da ni a aji biyu

A shekarata ta biyu a jami'a aka ba mu aikin gida: kowa ya ɗauki sonet guda cikin 154 ɗin da aka buga wa Shakespeare a Landan a 1609, ya rubuta sharhi na shafi huɗu. Na ɗauki ta 73 don kawai na ga kalmominta ba su da tsauri. Na ce a raina, waƙa mai layi 14, me zai gagare ni? Ni da na yi nazarin waƙoƙin Hausa masu baiti hamsin tun ina sakandare.

Dare biyu na gama. Shafin farko duka tarihi ne: an haifi mawaƙin a 1564, ya rasu a 1616, sonet ta samo asali a Sisili a ƙarni na 13, Petrarch ya ɗaukaka ta a Italiya, Wyatt da Surrey suka kai ta Ingila a ƙarni na 16. Sauran shafukan kuwa na bi tsarin da na saba da shi, jigo, zubi da tsari, salon sarrafa harshe. Na jera su reras: ga siffantawa a nan, ga mutuntarwa a can, amsa-amonta ABAB CDCD EFEF GG. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Da takardar ta dawo, maki 8 cikin 20, kuma a ƙasa malamin ya rubuta da jan biro cewa in same shi a ofis.

Na je da fushina. Ya sa na zauna, ya tambaye ni: "To, malam, duk wannan na gani. Me mutumin yake cewa?" Na ce yana maganar tsufa. Ya ce, "Wannan ko mai gadi ya sani. Me ya sa sai da ya faɗa sau uku?" Na yi shiru. Ya miƙo min takardata, ya ba ni mako guda.

Abin da ya fara ba ni kunya da na sake karantawa shi ne wata kalma da na yi wa fassarar ƙamus. Layuka huɗun farko suna kwatanta mai magana da wani lokaci na shekara, lokacin da ganye ya yi rawaya yana zuba, rassa suna kaɗawa cikin sanyi. Ƙamus ya ce min wannan lokacin, da ake ce wa autumn a Turanci, "kaka" ne, ni kuma na rubuta cewa mawaƙin ya kai shekarun girbin abin da ya shuka. Subhanallahi. Kaka a wurinmu lokacin wadata ne, rumbu cike, ana ɗaura aure, ana dambe a dandali. Kakar Ingila kuwa ƙofar mutuwar shekara ce, rana na gajarta, komai na bushewa. Da na so hoton da ya fi kusa, da hunturu na ɗauko, in tuna kukar bayan gidanmu a watan Janairu, tsirara, ba ganye ko ɗaya, iska na busa ƙura ta tsakanin rassanta. Irin wannan tarkon yana nan a sonet ta 18 ma, inda ake kwatanta masoyi da ranar bazararsu mai daɗi. Ka je ka ce wa yarinya a Sakkwato tana kama da ranar Afrilu, ka ga yadda za ku ƙare.

A layi na huɗu akwai hoton kangon wurin da mawaƙan coci ke tsayawa, an ce nan tsuntsaye suka yi ta rera waƙa a da. Na wuce shi a karon farko. Ashe masu sharhi da yawa suna ganin inuwar gidajen ibadar da Sarki Henry na Takwas ya rushe tsakanin 1536 da 1541, waɗanda kangayensu ke tsaye a ƙasar a zamanin mawaƙin. Wannan ne tarihin da ya kamata in kawo, don yana taɓa layin kai tsaye. Ranar haihuwar Shakespeare ba ta buɗe min ko kalma ɗaya ba.

Tambayar malam kuwa, ta sau uku, ba a ɗakin karatu na samo amsarta ba. Na je gida ƙarshen mako, bayan isha'i ina zaune kusa da kakata tana jin ɗumi a bakin murhu. An sauke tuwo tuntuni, itacen ya cinye, saura garwashi 'yan kaɗan suna ja a cikin toka. Ta sa tsinke ta tona, suka ɗan haska, tokar ta sake rufe su. Nan take na tuna layuka na 9 zuwa 12, inda mai magana ya ce shi wuta ne kwance a kan tokar ƙuruciyarsa, abin da ya ciyar da ita shi ne ke binne ta. Sai na ga tsarin gaba ɗaya. Da farko ya kwatanta kansa da shekara, sannan da yini guda, wato almuru bayan faɗuwar rana, sannan da wutar da ba za ta kai asuba ba. Lokacin sai ƙara tsukewa yake. Kuma ganye zai sake tohowa, gari zai sake wayewa, amma itacen da ya zama toka ya tafi ke nan. Ba maimaici yake yi ba. Kamar mutum ne da ya ba da misali, ya ga akwai sauran fata a ciki, ya janye ya kawo wanda ya fi ɗaci.

Daga nan na koyi neman wurin juyawa. Kowace sonet tana da inda maganar ke karya kwana, Italiyawa suna ce masa volta. A irin ta Petrarch yawanci bayan layi na 8 ne, takwas na kawo matsala, shida na amsawa. A irin ta Shakespeare sau da yawa sai layuka biyun ƙarshe. A ta 73, layi goma sha biyu duk kan mai tsufan ne, sai a ƙarshe ya juya ga wanda yake wa magana: ganin haka ya sa ƙaunarka ta ƙara ƙarfi, ka riƙe abin da za ka bari nan ba da daɗewa ba. Ka lura, ba cewa ya yi zai tafi ya bar shi ba. Wanda ake wa maganar ne zai yi barin. Na daɗe a kan wannan, har yanzu ban yanke hukunci ba ko lallashi ne ko kuwa gori ne a fakaice.

Karin waƙar ma sai da ya wahalar da ni. Kunnena ya saba da awon Hausa, gaɓa mai nauyi da marar nauyi, irin wanda muka gada daga arulin Larabawa. Na Turanci da ƙarfin furuci ake auna shi: gaɓa goma a layi, ɗaya a sassauce, ta biyu da ƙarfi, sau biyar. Sai da na riƙa karantawa da babbar murya ina buga tebur kafin na ji shi, abokin ɗakina yana min kallon wanda ya zautu. Amfaninsa ba a ƙirgar yake ba, yana wurin da mawaƙin ya saɓa ta, kamar farkon layi na huɗun nan da gaɓoɓi masu ƙarfi suka haɗu, harshe ya yi nauyi daidai inda kangon ya bayyana.

Sharhi na biyu shafi uku da rabi ne. Jimlar farko ta faɗi matsayata kai tsaye, cewa misalan uku tsani ne mai gangarowa, kowanne na ƙwace fatan da na gabansa ya bari. Kowane sakin layi ya ɗauki misali guda, ya kawo kalmomin waƙar a matsayin shaida. Siffantawa sau ɗaya na ambace ta da suna. Na sami 15. A gefen sakin layi na ƙarshe malam ya ja layi ya rubuta cewa bai yarda da ni a kan gorin ba, in zo mu yi gardama ranar Talata.